Tafiyar hawainiya daga Pambegua: yadda tukunyar salansar wata tirela ta mutu a Kaduna

## Asalin lamarin: Nuwamba 2022

Mai motar ɗan kasuwar hatsi ne a Kaduna. Da kaka yakan sayi masara da waken soya a kasuwannin Saminaka da Pambegua, ya tara a wani sito a Kakuri, daga nan ya riƙa kai wa masu haɗa abincin kaji a Ibadan da Legas. Yana da tsofaffin tireloli uku, irin waɗanda ba sa zaɓen mai, duk abin da aka ɗura musu sha suke yi su kama hanya. A watan Nuwamban 2022 ya ƙaro kawunan tirela biyu 'yan Beljiyam, ƙirar 2015, kamfani ɗaya, inji iri ɗaya. Ɗaya ta ci kilomita 560,000, ɗayar 590,000. Sana'ata gwajin motoci da kwamfuta, ni aka kira na duba su ranar da suka iso. Ban ga laifi ko ɗaya ba, na kuma adana takardun gwajin ranar.

Aka raba musu aiki. Mai 590,000 aka sa ta doguwar hanya, zan riƙa ce mata ta Legas. Mai 560,000 aka bar ta tana jigila daga kasuwanni zuwa sito, ita ce ta gida, kuma labarinta ne wannan.

Abin da ya raba motocin nan da tsofaffin yana rataye a gefen shasi: wata ƙatuwar tukunyar salansa mai kama da akwatin ƙarfe. An ƙera su ne bisa ƙa'idar hayaƙi ta Turai da ake kira Euro VI, wadda ta hau kan sababbin manyan motoci daga ƙarshen 2013. Ɗakuna uku ne manya a cikin tukunyar, hayaƙi yana bin su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, wanda kwamfuta ke nunawa da sunan DOC, saƙar yumɓu ce mai ramuka kamar ta zuma, ita makanikai ke ce wa indomi. An shafe bangon ramukan da ƙananan ƙwayoyin filatinam da faladiyam. Su ke ƙone ragowar man da inji bai cinye ba, su kuma mayar da wani kaso na NO, wata iska mai guba da ke cikin hayaƙi, zuwa NO2. Na biyu, DPF, rariya ce da ke kama kabon, wato baƙar ƙurar hayaƙi. Hanya biyu kabon ɗin ke ƙonewa: a hankali cikin tafiya, da taimakon NO2 ɗin da ɗakin farko ya samar, muddin zafin hayaƙi ya haura digiri 250 zuwa 300, ko kuma gaba ɗaya, idan kwamfutar motar ta fesa dizal a cikin bututun salansa, ɗakin farko ya ƙone shi, zafi ya kai wajen digiri 600. Na uku, SCR, a bakinsa ake fesa AdBlue, wanda kashi 32.5 cikin ɗari nasa yuriya ce tsantsa, sauran kuma ruwa ne da aka cire masa duk wani gishiri. Zafi yana mayar da yuriyar amoniya, sai wani sinadarin da aka shafe bangon ɗakin da shi, a waɗannan motocin jan ƙarfe ne cikin ziyolait (wani ma'adini mai ƙananan ƙofofi), ya haɗa amoniyar da iskar NOx, wato NO da NO2, su zama naitirojin da tururin ruwa. Akwai sensa a gaba da baya masu auna ko aikin ya yiwu.

Dokar Turai ta ce tsarin nan ya jure kilomita 700,000 ko shekara bakwai a irin wannan mota. Ke nan da suka zo Kaduna sun riga sun ci mafi yawan shekarunsu. Kuma an tsara shi ne don dizal ɗin da salfa, wato farar wutar da ke cikinsa, ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, wanda shi ake sayarwa a Turai tun 2009. A Najeriya kuwa an daɗe iyakar tana kan 3,000. A Disamban 2016 aka yi taro a Abuja, Najeriya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma huɗu suka amince a sauko zuwa 50, ECOWAS ta jaddada hakan a 2020, dokar man fetur ta 2021 ma ta ɗauka. Amma a lokacin da motocin nan suka fara aiki, abin da ke kan takarda daban, abin da ke cikin tankunan gidajen mai daban.

## Disamba 2022 zuwa Maris 2023: juye, hazo da ƙarancin kuɗi

A Disamba aka yi wa motocin juyen baƙin mai na farko a garejin da ke kula da tsofaffin. Aka ɗebo baƙin mai daga duron da ake zuba wa kowace mota, 15W-40 mai lambar CH-4. Littafin motar ya nemi mai lambar ACEA E6, amma ba da Turanci aka rubuta littafin ba, yana nan cikin aljihun ƙofa ba wanda ya buɗe. Daga juye na biyu ta Legas ta koma wani gareji a can kudu da ya saba da irinta, suna zuba mata wanda littafin ya ce. Ta gida ta ci gaba da shan na duro.

A Janairu hazo ya sauka, ga ta gida kullum tana kan hanyar burji zuwa kasuwannin ƙauye. Sau uku yaron mota yana cire filtar iska yana hure ta da iskar famfon taya. A na ukun takardar ta yage daga ƙasa, wurin da ido ba ya kaiwa. Sai a Afrilu aka gani.

A Fabrairu aka shiga ƙarancin takardun naira. Gidajen mai da yawa ba sa karɓar tiransifa, masu karɓa kuma sabis na yanke musu. Wani mai sayar da dizal a duro kusa da tasha ya yarda ya riƙa ba ta gida bashi, a biya shi duk mako. Kuɗi sun wadata daga baya, amma aka ci gaba da saye a wurinsa saboda nasa ya fi araha.

A duk wannan lokacin motar takan yi awa huɗu zuwa biyar a silo, wato inji na aiki tana tsaye, kowace rana, tana jiran lodi ko saukewa. A silo zafin hayaƙinta ba ya kai digiri 200.

## Afrilu zuwa Yuni 2023: fitilar farko

Ranar 12 ga Afrilu fitila mai ruwan ɗorawa ta kama, alamar rariya ta cika. Aka kai ta wurin wani mai kwamfuta, ya sa ta ƙona kabon a tsaye, kusan minti 40. Direban ya ce farin hayaƙi ne ya riƙa fita mai warin ashana, yana sa hawaye da tari, har masu shayi na kusa suka janye benci. Fitila ta mutu.

Ta dawo bayan kwana 19. Aka sake, ta dawo bayan kwana 11. A karo na uku kwamfutar motar ta katse aikin da kanta tun kafin rabi, ta nuna zafi bai kai ba. Bayan kwana shida ma sai ta ƙi fara ƙonawar gaba ɗaya, ta nuna kabon ya yi yawan da ƙona shi haɗari ne. Mai kwamfutar ya goge lissafin kabon ɗin, ya mayar da shi sifili, motar ta yarda. Waɗanda suke wurin sun ce gefen tukunyar ya yi ja. Daga ranar fitilar rariya ba ta sake kamawa ba, kowa ya ɗauka an samu lafiya.

A daidai wannan tsakanin direban ya fara cikon baƙin mai. Da farko lita ɗaya a mako, zuwa ƙarshen Yuni ta kai lita ɗaya a duk kilomita 600. An sauya filtar iskar a Afrilu, amma ba a taɓa inji ba.

## Yuli zuwa Oktoba 2023: ruwan taki

A Yuni darajar naira ta faɗi, duk kayan da ake shigowa da su suka tashi. AdBlue ya yi tsada a Kaduna, wani lokacin ma a zaga a rasa. Motar tana shan kusan lita biyar nasa a kan kowace lita ɗari ta dizal. Wani a tasha ya ce ai ba komai ba ne illa yuriya da ruwa, ga damina, ga takin yuriya a kowane shago. Aka sayi buhu, ana jiƙawa da ruwan burtsatse a duron roba, a tace da ƙyalle, a ɗura. Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba motar ta sha wajen lita 200 na wannan haɗin. Ta Legas ba ta taɓa shan sa ba, direbanta yana sayen na jarka a can.

A Agusta fitilar AdBlue ta kama. Aka kwance nozul ɗin feshi aka tarar farin abu mai tauri ya toshe shi, aka sa sabo. Fitila ta dawo, aka sauya sensar baya. Ta sake dawowa, aka ce sensar jabu ce, aka sayi wata. A Satumba aka sauke tukunyar ɗungurungum aka kai ta wurin wankin mota, aka jiƙa ta da garin sabulu da soda, aka bi ta da injin feshi, aka shanya ta kwana biyu a rana. Duk gyaran da aka yi, idan aka goge laifin a kwamfuta, motar takan yi 'yan kwanaki shiru. A ƙarshen Satumba aka daina haɗin taki aka koma na jarka. Fitilar ba ta mutu ba.

A ƙarshen Oktoba motar ta rage wa kanta ƙarfi da kashi ɗaya cikin huɗu. Haka dokar Euro VI ta tsara: idan tsarin bai gyaru ba, mota ta fara rage ƙarfi, idan aka ci gaba da tafiya a haka ta koma kilomita 20 a awa.

## Nuwamba 2023: tsayawar Pambegua

Ranar 21 ga Nuwamba motar ta taso daga Saminaka da tan 30 na masara. Direban ya tsaya a Pambegua ya yi sallar la'asar, ya ci abinci. Da ya tayar da ita sai ta ƙi gudu. Ya kira maigidansa ya ce, "Alhaji, mota ta ƙi wuce ashirin, kuma ba zan shiga dajin nan da dare a haka ba." A nan suka kwana. Washegari aka turo ɗaya daga cikin tsofaffin aka juye mata lodin, ita kuma ta kwashe yini guda kafin ta iso Kaduna.

Shawarar da kusan kowa ya ba mai motar ita ce a fasa tukunyar a kwashe abin da ke ciki, a rufe tsarin a kwamfuta. Masu sayen indomi ma za su biya shi kuɗin wanda aka cire. Abu biyu suka tsayar da shi. Babban mai sayen masararsa a kudu a cikin rumfa ake sauke masa kaya, kuma ba ya barin mota mai hayaƙi ta shiga. Na biyu, a makon ne ta Legas ma ta kunna tata fitilar karon farko, yana son ya san ko ita ma hanyar da za ta bi ke nan. Ya ba ni mako uku.

## Disamba 2023: bincike

Ban fara da kwamfuta ba. Na zaunar da direban da yaronsa da mai garejin, muka bi watannin nan ɗaya bayan ɗaya da rasit ɗin da aka samu. Duk abin da ke sama daga wannan zaman ya fito.

Sannan na musanya sensocin motocin biyu. Na ta gida sun yi aiki lafiya lau a jikin ta Legas, har da tsohuwar da aka cire tun farko, wadda aka tsinto a akwatin kayan aiki. Wani abu game da sensar nan shi ne ba ta bambance NOx da amoniya. Idan ɗaki na uku ya yi rauni, kwamfuta takan ƙara feshin AdBlue, amoniyar da ba ta samu wurin aiki ba ta wuce, sensa ta ƙirga ta a matsayin NOx. Mai kallon allo sai ya ga kamar sensar ce ta haukace.

Na auna zafi a gaban ɗakin farko da bayansa lokacin da ake fesa masa dizal. A ta Legas hayaƙi ya shiga da digiri 300 ya fita da 570. A ta gida ya shiga da 300 ya fita da 390, ɗanyen mai yana wucewa. Na zura ƙaramar kyamara. Bakin indomin ya yi wani fari-fari mai ƙyalli kamar an shafa masa gilashi, zurfin yatsa biyu. Rariyar kuwa ta tsage daga tsakiya, wani wuri ya narke, bayanta da ya kamata ya kasance fes ya yi baƙi.

A hanya da lodi, ta Legas tana kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na NOx idan ta yi zafi sosai, amma tsakanin digiri 200 da 250 takan faɗo ƙasa da rabi. Ta gida ko da zafi rabi take yi da ƙyar.

Muka aika samfurin dizal ɗin mai duro zuwa wani ɗakin gwaji. Salfar cikinsa ta kai wajen kashi 1,400 cikin miliyan. Ga yadda lissafin yake. Motar tana shan kusan lita 400 a kilomita 1,000. A dizal ɗin Turai, salfar da ke cikin wannan adadin giram uku ne da ɗoriya. A na duro ta kusa rabin kilo. Wato abin da ya kamata tukunyar ta gamu da shi a kilomita 140,000, a kilomita 1,000 take shaƙarsa.

Idan salfa ta ƙone takan zama SO2, filatinam ya ƙara mayar da ita SO3, ta haɗu da tururi da abin da ta tarar ta zama gishirin salfet ta kwanta a bango. A ɗakin farko tana rufe ƙwayoyin ƙarfen, faladiyam ya fi jin jiki. A ɗaki na uku tana haɗuwa da amoniya ta toshe ƙananan ƙofofin ziyolait, tana kuma kama jan ƙarfen kansa ta ɗaure shi. Amma gubarta tana da magani. Wadda ta haɗu da amoniya takan tashi idan zafi ya wuce digiri 350, wadda ta kama jan ƙarfe sai an haura 500. Farin hayaƙin nan mai warin ashana na Afrilu, salfa ce take barin bango.

Ta baƙin mai ita ce ba ta da magani. Ana saka wa baƙin mai sinadarin fosfaros da zinki don kada ƙarfe ya ci ƙarfe, da kalsiyam don ya wanke inji. Idan mai ya ƙone, fosfaros yakan kwanta a bakin ɗakin farko ya zama wancan gilashin da na gani, zafi ba ya ɗaga shi. Sauran kuma su zama toka su zauna a rariya, toka kuwa ba ta ƙonewa. Shi ya sa aka yi wa mai lambar E6 iyaka: toka kada ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari, fosfaros kada ya wuce 0.08. CH-4, wanda ya fito tun 1998, ba a sa masa irin wannan iyakar ba, don a zamaninsa babu irin wannan tukunyar da za a kare. Da muka duba injin muka tarar ƙura ta cinye ringi, turbo ma yana yoyon mai. A ƙiyasina motar ta ƙone lita 50 na baƙin mai daga Afrilu zuwa Nuwamba.

Saura ruwan taki. Ƙa'idar AdBlue, ISO 22241, ta ce kalsiyam ko sodiyam ko fotasiyam kowanne kada ya wuce rabin miligiram a kilo guda. Ruwan burtsatsen da ya fi kowane daɗin sha ya ninka wannan sau da yawa. Takin gona kuma ana saka masa sinadarin hana dunƙulewa, ga wani abu da ake kira bayuret da yawansa a takin ya wuce abin da aka yarda a AdBlue, su ne ke daskarewa a nozul. Sannan a bayan rariya ake fesa ruwan, babu abin da zai tace shi. Sodiyam da kalsiyam kai tsaye suke sauka a kan ziyolait, su zauna a gurbin da amoniya ke kamawa, su ture jan ƙarfe daga mazauninsa. Garin sabulu da sodar da aka wanke tukunyar da su, su ma sodiyam ne.

## Janairu zuwa Maris 2024: gyara

Ta Legas muka fara. Muka samu dillalin da ya yarda a ɗebi samfur daga tankinsa, gwaji ya nuna salfarsa ƙasa da kashi 100 cikin miliyan. Muka zubar da na tankin motar, muka ɗura wannan, muka sa ta ƙona kabon sau biyu a kan hanya da lodi, zafi ya tsaya sama da 550 na kusan rabin awa kowane karo. Aikinta a ƙaramin zafi ya dawo kusa da yadda na auna shi ranar da ta iso. Ba a sauya mata ko kusa ɗaya ba.

Ta gida daga inji aka faro: sababbin ringi da silinda, aka gyara turbo, aka koma mai lambar E6. Aka wanke tankin AdBlue da bututunsa. Sannan muka gwada mata maganin 'yar'uwarta. Tun da ɗakinta na farko ba ya iya tayar da zafi, muka ɗora mata lodi muka hau hanyar Jos, inda hayaƙi ya daɗe sama da 400. Ɗakin farko ya ɗan motsa, daga 390 zuwa 420, daga nan ya tsaya.

Muka sayo ɗakin farko na hannu a kasuwa. Da ido lafiya lau yake, da aka ɗaura shi bai wuce 450 ba, shi ma wata motar ta riga ta cinye shi. Mai shagon ya karɓi kayansa bayan doguwar magana. Na biyun daga jikin motar da ta yi hatsari aka ciro shi tare da rariyarsa, kuma ba mu biya ba sai da aka ɗaura aka auna: 300 ya shiga, 580 ya fita.

Da zafi ya samu muka ƙona mata ɗaki na uku sau uku. Ya tashi daga rabi zuwa kusan kashi biyu cikin uku, ya tsaya a nan, karo na ukun bai ƙara komai ba. Wannan bai isa kwamfutar motar ta saki ƙarfi ba, dole shi ma aka sauya shi. Motar ta koma aiki ranar 11 ga Maris, bayan kusan mako 16 a ajiye. Kuɗin gyaran, har da na inji, ya kusa kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka saye ta.

## Afrilu zuwa Disamba 2024: bibiya

Wuri ɗaya motocin biyu suka koma shan dizal a Kaduna, ana ɗibar samfur duk wata uku. Samun mai ƙarancin salfa ya ɗan yi sauƙi: Holan ta hana fitar da man mota mai salfa fiye da kashi 50 cikin miliyan zuwa ƙasashe irin Najeriya tun Afrilun 2023, Beljiyam ta bi sahu a Satumban 2024, matatar Dangote ma ta fara sayar da dizal a 2024. AdBlue na jarka mai hatimi kawai ake saye, ana ajiye shi a inuwa cikin sito, don zafin da ya wuce digiri 30 yana rage masa kwana, rumfar kwano a Kaduna kuwa cikin Maris da Afrilu ta wuce haka nesa. An hana barin mota a silo fiye da minti goma. Motocin kuma suna musayar hanya duk mako biyu, don kowacce ta riƙa samun doguwar tafiya.

Sau ɗaya fitila ta kama wa ta gida, a Agusta, bayan direban ya sha man hanya sau biyu a jere. Ƙonawa ɗaya ta kashe ta.

## Abin da na fahimta

Ba abu ɗaya ne ya kashe tukunyar nan ba, kuma ba dizal ne ya fi yi mata ɓarna ba, duk da shi kowa ke zargi. Ta Legas ma ta sha salfa shekara guda cur, ta kuma warke da zafi kawai. Salfa ce ta fara raunana ɗakin farko na ta gida, silo ya hana ta zafin da za ta kakkaɓe, kabon ya taru. Fosfaros ɗin baƙin mai ne ya mayar da raunin na dindindin. Ɗaki na uku kuwa gwajin ƙarshe ya raba mana gardama: abin da ya dawo da zafi na salfa ne, abin da ya ƙi dawowa na ruwan taki ne da sabulu da tokar da ta bi ta tsagar rariya, a kan tsufan da ya zo da shi daga Turai.

Gyare-gyaren da aka yi kafin Disamba duk fitila aka bi, ba a tambayi me motar ke ci ba. Wanda ya fi tsada a cikinsu shi ne goge lissafin kabon. Ɗanyen man da ɗakin farko ya kasa ƙonewa ya jiƙa kabon ɗin rariya, da ya kama wuta babu mai iya tsayar da shi, irin wannan wutar takan wuce digiri 1,000. Mutuwar fitilar da aka yi murna da ita tsagewar rariya ce, hayaƙi ya samu hanya.

Ba na ganin laifin direban ko yaronsa. Abin da suka yi shi suka saba yi wa motocin da suka girma a cikinsu, kuma waɗancan ba su taɓa nuna damuwa ba. Wanda ya kamata ya yi magana ni ne. Ranar da motocin suka iso na ga lambar man da suke buƙata a allo, na san irin dizal ɗin da ke gari, na ce lafiyarsu ƙalau na karɓi kuɗina na tafi. Bayanin minti goma a ranar zai iya hana juyen Disamba da haɗin Yuli.

Game da fasa tukunya, ba zan ɓoye ba, motoci da yawa da aka yi wa haka suna nan suna aiki, kuma a ranar ya fi araha nesa ba kusa ba. Abin da ya sa ban ba da wannan shawarar ba shi ne inda hayaƙin ke zuwa. Tun a Yunin 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar dajin huhu. A Kakuri 'yan dako a bayan motar suke yini, yaron mota kuma a ƙarƙashinta yake shimfiɗa tabarma. Sai dai ga wanda motarsa ba za ta bar gajeriyar jigila ba, kuma ba shi da tabbacin inda zai sha mai, na fi ganin kada ya sayi Euro VI tun farko.

Tsohon indomin mun kai shi kasuwar Fanteka an yanka mana shi biyu a tsaye. Yana shagona, nakan nuna wa duk wanda ya kawo mini sabuwar 'yar Beljiyam kafin in jona mata kwamfuta. Yatsa biyu na bakinsa fari ne mai ƙyalli, daga nan har ƙarshe launinsa na asali ne. A awon ƙarshe da na yi wa ta gida, ranar 14 ga Disamban 2024, tana kan kilomita 668,000, hayaƙi ya shiga ɗakin farko da digiri 300 ya fita da 575, kuma ba a yi mata ciko ba tun juyen Oktoba.